Shin mulkin da Allah ya ba Adamu ya ba mu izinin sare itatuwan filin ikkilisiya?

Malamin Lahadi ya rubuta:

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamin makarantar Lahadi ne a wata ƙaramar ikkilisiyar karkara a kudancin jihar Bauchi, kuma manomi ne kamar yawancin jama'armu. Abin da ya kawo ni nan wata magana ce da ta tsaya mini a rai tun zaman kwamitin da muka yi makonni biyu da suka wuce.

A bayan majami'armu akwai fili da iyayenmu suka bar mana, cikinsa da tsofaffin ɗorawa da kaɗanya da wata ƙatuwar tsamiya, waɗanda babu mai rai a garin yau da zai ce ya ga tsirowarsu. Rufin majami'ar ya tsufa, duk damina ruwa yana zuba a kan masu sujada, sai ga masu yin gawayi sun zo da tayin kuɗin da zai ishe mu sayen kwano idan muka bar su suka sare itatuwan. Da na ce raina bai kwanta da wannan ciniki ba, wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai, wanda shi ya koya mini karatun Littafi Mai Tsarki tun ina yaro, ya ba ni amsa uku. Ya ce Allah ya riga ya faɗa wa mutum a Farawa 1:28 ya mallaki duniya, ya yi mulkin abin da yake cikinta. Ya ce Manzo Bitrus ya shaida mana cewa wannan duniya wuta ce makomarta, saboda haka babu hikima a riƙe abin da zai zama toka. Sa'an nan ya ce iyayenmu sun sha wuya kafin su rabu da tsoron kurmin tsafi da itatuwan da ake yanka musu kaji, kuma ba zai so mu koma girmama itace da sunan wani sabon ilimi ba.

Na yi shiru, domin ban sami abin faɗa ba, kuma bai dace in ja da shi a gaban jama'a ba. Amma har yanzu zuciyata tana gaya mini cewa akwai abin da ya ɓace cikin wannan fassara. Ina roƙon waɗanda suka fi ni karatun tauhidi su taimake ni: kula da ƙasa da itatuwa da dabbobi yana cikin bangaskiyarmu ne tun asali, ko kuwa magana ce ta gwamnati da masana da muka ɗauko muka yafa mata rigar addini?

Tsohon Malamin Baibul ya amsa:

Ɗan'uwa, ka yi daidai da ba ka ja da Baba a bainar jama'a ba, kuma ya kamata a faɗa tun farko cewa ayoyin da ya kawo suna nan yadda ya faɗe su. Abin dubawa shi ne irin mulkin da ake nufi, da kuma wanda yake da ainihin mallaka.

Kalmomi biyu na Ibrananci ne a Farawa 1:28. Ɗaya, wadda ake furtawa kabash, kalma ce mai ƙarfi, domin da ita aka yi maganar cin ƙasar Kan'ana a littafin Joshuwa, kuma ba na cikin masu ƙoƙarin tausasa ta har ta rasa haƙora. Duk wanda ya taɓa saran sabuwar gona ya san cewa ƙasa ba ta ba da abinci sai an yi gumi a kanta. Ɗayar kuwa, rada, kalmar sarauta ce, kuma Littafi bai bar mu cikin duhu ba game da sarkin da Allah yake yarda da shi. A Zabura 72 sarkin da ake roƙa wa wannan mulki shi ne mai ceton matalauci da marar mataimaki, a Ezekiyel 34 kuma Allah ya yi fushi da makiyayan Isra'ila domin sun sha nono, sun sa ulu, sun yanka masu ƙiba, amma sun yi mulkin garken da ƙarfi da tsanani. Tun da an ce an yi mutum cikin kamannin Allah ne kafin a ba shi mulki, to mulkin nasa wakilci ne, wakili kuwa ba ya yin abin da mai gida ba zai yi ba. Ka lura kuma cewa albarkar hayayyafa da aka sa wa mutum a rana ta shida an riga an sa wa kifaye da tsuntsaye irinta a rana ta biyar, saboda haka idan cikar mutum ta kore su daga duniya, ya karya wata albarka da ta girmi tasa.

Sura ta biyu ta ƙara fayyace aikin. An sa Adamu a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Waɗannan kalmomi biyu, abad da shamar, su ne aka sake haɗawa a Littafin Ƙidaya wajen bayyana hidimar Lawiyawa a alfarwa ta sujada, ta biyun kuma ita ce take cikin albarkar da fastocinmu suke rufe sujada da ita, inda ake roƙon Ubangiji ya sa mana albarka ya kiyaye mu. Kiyayewar da muke nema daga wurin Allah kowace Lahadi, irinta aka ce mu yi wa gonar. Sunan Adamu ma daga kalmar ƙasa ya fito, wato adama, abin da yake tuna mana cewa mai mulkin da abin da yake mulka daga turɓaya ɗaya aka ɗebo su.

Game da mallaka, babu wurin da ya fi Littafin Firistoci sura 25 bayani. An umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai, aka kuma hana sayar da ita har abada, dalilin da aka bayar kuwa shi ne ƙasar ta Allah ce, Isra'ilawa baƙi ne masu zaman aro a wurinsa. Marubucin Tarihi na Biyu, a sura 36, har ya fassara shekaru 70 na bauta a Babila da cewa ƙasar ce take karɓar hutun da aka hana ta. Ga kuma dokar da ta fi kusa da maganarku: Maimaitawar Shari'a 20:19 ta hana sojojin da suka kewaye birnin maƙiya su sare itatuwa masu ba da 'ya'ya, alhali ta yarda a sare marasa 'ya'ya domin bukatar yaƙin. Ban ce wannan doka tana kanmu yadda take kan Isra'ila ba, amma idan an kāre itacen abinci a tsakiyar yaƙi, da wuya a ce Allah bai damu da ɗorawar da take bayan ɗakin sujadarsa ba.

Ka tambaya ko wannan magana baƙuwa ce. Gardamar zamani ta yi ƙarfi ne daga 1967, lokacin da wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya buga maƙala a mujallar Science yana cewa Kiristancin Yammacin Turai yana da babban alhaki a lalacewar muhalli, domin ya kore tsarki daga itace da rafi, ya bar mutum shi kaɗai a matsayin mai daraja. White kansa Kirista ne, kuma akwai gaskiya cikin zarginsa, ko da yake masu amsa masa sun nuna cewa fassarar mulki a matsayin cin halitta da yaƙi ta fi bunƙasa ne a ƙarni na 17, zamanin masana falsafa Bekon na Ingila da Dekart na Faransa, wanda ya rubuta a 1637 cewa sabon ilimi zai mai da mu iyayengiji masu mallakar halitta. Kafin wannan, a sharhinsa na Farawa na 1554, malamin tauhidin Furotesta Yohanna Kalbin ya koyar cewa mai gona ya ci amfaninta ba tare da ya bar ta ta lalace da sakaci ba, ya kuma yi ƙoƙari ya miƙa ta ga na baya kamar yadda ya karɓe ta ko ma fiye. Babu wanda ya san hayaƙin masana'antu a lokacin. Daga aya ya ciro wannan.

Saura maganar wuta, wadda ita ce aka fi kawo mini a aji. Ka karanta 2 Bitrus sura 3 daga aya ta 5. Manzon ya kwatanta hukuncin wuta da na ruwan tsufana, ya ce duniyar wancan zamani ta hallaka da ruwa, amma mun sani cewa da Nuhu ya fito daga jirgi a kan wannan ƙasa ya sa ƙafa, alkawarin bakan gizo kuma da shi da kowane mai rai aka yi. A aya ta 10, wasu daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci mafi daɗewa ba su ce duniya da ayyukanta za su ƙone ba, cewa suka yi za a same su, wato za a tone su a fili, shi ya sa fassarori suka bambanta a wurin. Bulus kuwa a Romawa 8 ya ce halitta tana nishi irin na mai naƙuda, tana jiran a 'yantar da ita daga bautar ruɓewa, naƙuda kuwa haihuwa ake jira a bayanta. Ko da mutum ya tsaya a kan cewa kome zai ƙone, hujjar ba ta kai inda ake so ta kai ba. Jikin nan ma zai koma ƙasa, amma wannan bai hana masu bishara gina asibiti a Vom da Galmi ba, kuma rufin da kuke son saya shi ma ba zai tsira daga wannan wuta ba.

Dattijo daga Filato ya amsa:

Malam, na gode da wannan bayani, kuma ban ga inda zan ce ka karkatar da aya ba. Duk da haka zan tsaya kusa da dattijon da ake magana a kansa, domin ina ganin mu tsara ɗaya ne, kuma akwai abin da muka gani wanda yaranmu ba su gani ba.

Kakana yana cikin na farko da suka karɓi bishara a ƙauyenmu. Kafin nan akwai kurmin da mace ba ta isa ta ɗebi ko busasshen reshe a cikinsa ba, kuma idan yaro ya yi ciwo sai a ce wani ne ya taɓa abin da ba a taɓawa. Ranar da mutanenmu suka gane cewa itace itace ne kawai, cewa babu mai riƙe da numfashinsu sai Allah, ranar 'yanci ce a gare su. Saboda haka idan na ji ana kiran ƙasa uwa, ana kiran rana ɗan'uwa, ko ana shirya sujada ta musamman domin halitta, jikina yakan yi sanyi. Yesu ya ce mun fi gwarare masu yawa daraja. Ya bar garken aladu ya faɗa teku domin mutum ɗaya ya warke, ya kuma la'anta itacen ɓaure domin ya koya wa almajiransa darasi. Wannan yana nuna mini cewa akwai tsari na daraja, kuma ran mutum ne a bisa.

Abu na biyu shi ne wanda ake ɗora wa laifi. Na girma ina ganin ramukan kuza a Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda kamfanonin Turawa suka haƙa tun farkon ƙarnin da ya wuce, suka kwashe arzikin, suka bar mana tafkuna masu zurfi inda gonaki suke a dā. Ba matan ƙauye ne suka yi wannan ba. Yau kuma 'ya'yan waɗanda suka ƙone gawayin dutse shekara da shekaru har suka yi arziki su ne suke koya wa gwauruwar da ba ta da kuɗin kananzir cewa itacen girkinta zunubi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ikkilisiya ta talakawa tana da dukiya a tsaye a bayan gida, tsofaffi kuma suna jiƙewa a wurin addu'a, ban ga wanda zai zauna a inuwar ofis ya hana su ba.

Malamar Falsafa ta amsa:

Baba, ina gaishe ka da girmamawa, kuma ina roƙon ka yi mini haƙuri in taɓa maganarka, domin tsoron da ka ambata ba ƙarami ba ne, kuma manyan malaman ikkilisiya sun yi irinsa. Ni 'yar Katolika ce, ina koyar da falsafa, kuma zan fara da abin da yake goyon bayanka. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya kawo waɗannan misalai biyu naka, na aladu da na ɓaure, domin ya nuna wa Manikiyawa, mabiya wani addini na zamaninsa, cewa ƙin yanka dabba da ƙin sare tsiro saboda tsoron wani allahntaka da yake cikinsu camfi ne. Toma Akwinas ma a ƙarni na 13 ya koyar cewa an ba mutum tsire-tsire da dabbobi domin amfaninsa. Babu mai gaskiya da zai ɓoye wannan.

Sai dai waɗannan malamai biyu ba su tsaya nan ba, kuma abin da suka ƙara shi ne zuciyar maganar. Manikiyawa suna koyar cewa abin da ake taɓawa da hannu, wato jiki da ƙasa, daga mulkin duhu ya fito, Agustin kuwa ya yi shekaru yana amsa musu cewa duk abin da yake akwai yana da kyau gwargwadon kasancewarsa, domin Mai kyau ne ya yi shi, mugunta kuma rashi ce, kamar yadda tsatsa ba ta da rai sai a jikin ƙarfe. Akwinas ya tambayi dalilin da ya sa Allah ya yi halittu iri-iri maimakon iri ɗaya mafi daraja, ya amsa cewa babu halitta ɗaya da za ta iya nuna alherin Allah ita kaɗai, saboda haka abin da ya gaza a wannan sai waccan ta cika shi. Idan haka ne, ɓacewar wani irin tsuntsu ko itace daga ƙasarmu ba asarar kasuwa ce kawai ba, wata shaida ce game da Allah da aka rufe bakinta.

Ina ganin kuskuren da muke yawan yi shi ne zaton cewa hanya biyu ce kawai, ko itace ya zama abin bauta, ko ya zama kayan da ba shi da wata ma'ana sai farashinsa. Koyarwar halitta hanya ce ta uku. Farawa sura ta fari ba ta ma kira rana da wata da sunansu ba, ta ce babban haske da ƙaramin haske, kuma masana da yawa suna ganin an yi haka ne domin maƙwabtan Isra'ila suna bauta musu. Ta sauke su daga gadon allahntaka, amma a wannan surar ce aka yi ta maimaita cewa Allah ya ga yana da kyau, sau da dama tun mutum bai bayyana ba. A littafin Ayuba sura 38 Allah yana tambayar wane ne yake sa ruwa ya sauka a jejin da babu kowa, sa'an nan ya yi ta zana jakin jeji da jimina da shaho, halittun da ba sa yi wa Ayuba aikin kome. Kakanka, Baba, an 'yantar da shi daga tsoron kurmi, kuma wannan alheri ne. Abin da ba na gani a Littafi shi ne cewa an 'yantar da shi domin ya raina kurmin.

Maganar ɗan'uwa rana daga Waliyyi Faransis na Asisi ta fito, cikin waƙar yabo da ya tsara wajen 1225 yana fama da ciwon ido har ya kusa makancewa. Waƙar ga Maɗaukaki take fuskanta daga farko har ƙarshe, halittu kuma an kira su 'yan'uwa ne domin Uba ɗaya ya yi mu da su, mutum kuwa ba ya yi wa ƙanensa sujada. Da a Hausa ya tsara ta ma da zumuncin ya juye, domin a harshensa rana da wuta maza ne, wata da ruwa mata, mu kuwa a wurinmu akasin haka ne. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa shi waliyyin masu kula da muhalli a 1979, daga kalmomin waƙarsa kuma Fafaroma Faransis ya ɗauko sunan wasiƙarsa ta 2015, Laudato si'. Ina so ka san, Baba, cewa wasiƙar nan ta ƙi a mai da ƙasa abin bauta, ta ƙi a daidaita darajar mutum da ta sauran halittu, kuma ta faɗi abin da ka faɗa game da ramukan kuza da wasu kalmomi, inda ta ce ƙasashe masu arziki suna da bashin muhalli a kansu ga ƙasashe matalauta, ta kuma haɗa kukan ƙasa da kukan talaka wuri ɗaya.

Wanda yake so ya ga cewa ana iya tsare itace ba tare da tsafi ba, ya dubi arewacin Habasha. A tuddan da aka share domin noma har suka zama fili fetal, abin da ya rage na tsohon daji yana kewaye da majami'un Otodoks ne, dubbai daga cikinsu, kowace tana zaune a tsakiyar kurminta kamar tsibiri. Kiristancin wannan ƙasa ya kafu tun ƙarni na 4, kuma masu ibada a can suna ɗaukar kurmin kamar suturar ɗakin Allah da abin tunawa da gonar Aidan. A shekarun nan firistoci da masana daji, cikinsu har da Alemayehu Wassie, suna haɗa hannu wajen kewaye kurmin da katangar dutse domin shanu kada su cinye ƙananan tsiro.

Manomi daga Maraɗi ya amsa:

Salama gare ku. Ba ni da karatun da malaman nan suke da shi, amma abin da ake gardama a kansa ya faru a ƙasarmu, kuma ina ganin zai amsa wa Baba damuwarsa game da talaka.

Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 gonakinmu sun zama tsirara, domin an koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, dokar daji kuma ta mai da itace na hukuma, har mutum yana gudun ya bar shi a gonarsa kada ya jawo masa tara. Iska takan binne shukar gero da rairayi, a sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Wani ɗan mishan daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a farkon shekarun 1980, ya yi ta rarraba dashe daga gandun reno, mafi yawansu suna mutuwa saboda zafi da awaki da gara. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a 1983, yana kan hanya da dashe a mota, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, ya yi addu'a yana roƙon Allah gafara saboda yadda mutane suka ɓata kyautar halittarsa, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne muke kira sassabin zamani. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon kalgo da sabara da gawo a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a rage sauran, a riƙa yi musu aski suna tashi. Da farko an yi wa masu yi dariya, kuma bayan yunwar 1984, da aka daina ba da abinci a madadin aikin, mutane da yawa sun koma sun sare abin da suka bari. Waɗanda suka daure ne suka jawo sauran, da aka ga gonarsu ta fi riƙe laima, matansu kuma sun daina tafiyar rabin yini neman itacen girki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa aikin ya kai kadada miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, Rinaudo kuma ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018 tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Ya kamata in faɗa cewa mafi yawan manoman da suka yi wannan aiki Musulmi ne, kuma ilimin ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya ba dabbobi abinci da rani. Mu da maƙwabtanmu mun sami bakin magana ɗaya a kan kalmar amana.

Saboda haka, ɗan'uwa Malamin Lahadi, ni ba na cewa sare itace zunubi ne, domin mu ma muna sara, muna sayar da itace, muna yin rufi da shi. Tambayar da zan so ka kai wa kwamiti ita ce ta lissafi. Wane ne yake tsince kalwar ɗorawar nan ya yi daddawa, wane ne yake tara 'ya'yan kaɗanya ya yi man kaɗe, kuma nawa suke samu a shekara? Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, mai gawayi kuwa zai gama da ita cikin kwanaki. Idan gwaurayen da Baba yake tausayi su ne suke cin amfanin itatuwan, to kuɗin rufin daga bakinsu za a cire shi.

Malamin Lahadi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, musamman Baba daga Filato, domin ta bakinsa na fahimci abin da dattijonmu yake tsoro fiye da yadda na fahimta a wurin taron. Tambayar ɗan'uwa daga Maraɗi ta sa na je wurin shugabar Zumuntar Mata jiya da yamma, sai na tarar cewa babu wanda ya shawarce su, alhali da kuɗin daddawa da man kaɗen filin nan suke taimakon marasa lafiya da masu haihuwa, kuma da tsamiyar suke dama kunun da ake sha a duk taron ikkilisiya. Ta ce akwai kaɗanya biyu da suka bushe tun bara waɗanda ba su da ja a kan sayar da su, kuma mata za su yarda su ba da kason amfanin bana domin kwano idan maza za su ƙara daga hatsin godiyar kaka. Na san wannan ba zai rufe majami'ar duka a shekara ɗaya ba, wataƙila sai ɓangaren da ya fi yoyo.

Gobe da sassafe zan je gidan dattijon ni kaɗai, da Littafin da ya koya mini karantawa, in roƙe shi mu duba Firistoci 25 da 2 Bitrus 3 tare kafin zaman ranar Asabar. Masu gawayi sun ce za su jira amsarmu har ƙarshen wata.